Goron da Na Kai Maradun

Mun tashi daga Garbadu da asuba ran Litinin, ni da wata maƙwabciyata, kowace da ƙwaryarta. 'Yan ajinmu na yaƙi da jahilci, kun ce in rubuto yadda aka yi. To ga shi, sai dai ku yi haƙuri da ni, raina bai huce ba.

Tun da masu aikin madatsar ruwa suka fara kafa turaku cikin gonaki, mazanmu ke taro a ɓoye. An kama musu takarda, ta boko da ta ajami duk an karanta, sai suka koma aika goro a hannun mata kamar na gayyar suna. Jan goro shi ne rana, a ƙirga daga Lahadi, fari kuwa wuri. Ƙulli biyu aka ba ni, na Dakko da na Maradun, kowane ja biyar fari biyu, wato Alhamis, gindin ɗorawa. Maigidana ne zai yi magana a wurin.

Kuɗin mota ya ninka, wai yanzu lebura ma da naira yake yawo. Manyan motocin kwasar dutse sun cinye hanyar Bakura, akori-kurarmu na faɗawa rami muna karo da juna. Hocen da muka saya a tasha sai da muka jiƙa shi kafin haƙori ya shiga.

Da azahar muka isa Dakko, gidan Kawuna, tsohon sojan yaƙin Bama. Shi ke ɗaukar wa Bature akwatin wayar iska a dajin can. Da muka gama gaisuwa ya kwance ƙullin, ya daɗe yana dubawa.

"Ɗiyata, sau nawa ke nan da wanga goro?"

Na ce na huɗu.

Ya ce bayan yaƙin ya ji a rediyo abin da ya ci jiragen ruwan Japan. Da lambobi suke aika saƙo maimakon kalmomi, sun tabbata ba mai iya kwancewa. Ashe Turawa na zaune suna rubuta duk abin da ya wuce ta iska, suna lura da wanda ke maimaituwa, har suka san inda jirgi zai bi, suka je suka jira shi. Ya ce a sake alama yau. Mazan zauren suka yi dariya, ɗaya ya ce, "Kawu da Japan ɗinai!"

Muka kwana. Talata muka ratsa Mafara, kasuwa ta cika maƙil, har garin rogo ya yi tsada. Daga nan zuwa Maradun ban gane ƙasar ba. Fadamar da muke cin rake muna yara an kankare ta kamar faranti.

Kusa da Maradun akwai shingen 'yan sanda bisa hanya. Masu kakin ba su kula mu ba. Wani mai kaftani ne ya buɗe ƙwaryata, ɗan ƙasar nan, Hausarsa irin tamu. Ya jera goron bisa tafin hannu.

"Inna, wa ta haihu? Ku Garbadu kullum suna, ba a jin guɗa?"

Ya ƙirga da yatsa, ya yi murmushi, ya ɗaure mini da kansa. "Allah Ya kai mu Alhamis."

Na ɗauki ƙwaryata muka shiga gari. Na faɗa wa wanda na kai wa saƙon, ya ce tsoro ne na mata. Ya sa aka kawo mana fura. Ban sha ba.

Laraba da la'asar muka iso gida. Ko ƙura ban wanke ba na durƙusa gaban maigida na gaya masa duka, a hankali, yadda na saba. Ya ce an riga an aika ƙauyuka, in ya ƙi zuwa da wane ido zai dubi mutane? Na ce, "Malam, dubi ɗiyanka." Ya ce in kawo ruwan alwala.

Ya tafi. Ran Alhamis sun iske motar 'yan sanda na jiransu gindin ɗorawa. Yau kwana tara yana tsare a Mafara, gero ya isa yanka, ni kaɗai ke gona.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, sun yarda ƙafata ta ɗauki asirinsu gari uku, ba su yarda da abin da idona ya gani ba. Shekara goma sha tara ban ɗaga masa murya ba. Jiya da na kai tuwo, ta taga ya ce in yafe. Na ce ya ci tukuna, tuwon zai huce.