Anet ɗin Ƙanwata

A Maradi na tashi, inda ruwan farko ke ba da izinin shuka. Shi ya sa da aka yi ruwa cikin Maris a Sevran, inda nake zaune a Faransa, na shuka anet, ganyen nan mai ƙamshi da ake sa wa kifi. Ya tsiro, sai sanyi ya dawo, raɓa ta daskare, ta ƙone shi ƙurmus.

Ƙanwata da ke Bron, wadda ko hauya ba ta taɓa riƙewa ba, ta jira har Mayu. Ta turo mini hoton nata, kore shar.

"Yaya, in aiko miki?"

Na ce ni ƙamshinsa ma hawa mini kai yake. Ranar da gishiri kaɗai na ci kifina.