Mai Jif da Famfon Iska

Mutumin yana tsugune bayan jif ɗinsa a gareji, wandonsa duk laka, yana shafa mazaunin shakazoba da ya tsage. Shakazobar nan mai rage girgiza, irin mai iska ya sa, ya ɗura mata tam don motar ta ɗaga, ta daina gogar duwatsu. Da gani hanyar gonarsa ba ta da tausayi, ga kwandunan tumatir suna laushi a rana.

"Maigida, tallafar kaya ne aikinta, iskar da ka cika mata ce ta tsaga nan," in ji bakaniken a gajiye. "In tsayi kake so, sai an canza sifirin."

Mai jif ɗin tsaki kawai yake ja. Can sai ga shi da famfo, yana zagayawa ɗaya gefen da bai tsage ba tukuna.