Shekarar Da Na Daina Jin Ƙamshi

Mura ce ta fara kama ni, a shekarar da rediyo ba shi da zance sai na korona. Lokacin ina sayar da abinci a bakin tasha a Gumel, ranar kasuwa kuma in bi mota zuwa Maigatari da tukwanena, direbobi da fataken shanu su ci tuwo. Na kwanta da zazzaɓi da tari, na warke, na koma bakin murhu.

Wata safiya ina soya albasa, na ga ta yi ja har ta soma ƙonewa, amma ban ji komai ba. Na ɗauko daddawa na kai hanci, kamar dutse na shinshina. Na tauna barkono, bakina ya ɗau zafi, idona ya kawo ruwa, ɗanɗano kuwa babu.

Maigidana ya ce, "Ki yi haƙuri, ragowar mura ce. Za ta sake ki."

Ba ta sake ni ba. A asibiti likita ya ce ana samun haka da wannan ciwo, wasu jin ƙamshin ya dawo musu da wuri, wasu ya daɗe, kuma ba shi da maganin da zai rubuta mini. Na yi sirace da ganyen darbejiya, na shaƙi tafarnuwa, na sha rubutu. Shiru.

Sana'ata ta soma lalacewa. Yau gishiri ya yi yawa, gobe miya ta yi lami. Wata rana a Maigatari na zuba wa wani direba miyar da ta yi tsami ban sani ba. Ya daɗe yana cin abincina, don haka bai yi faɗa ba. Ya ture kwanon a hankali ya ce, "Hajiya, lafiya kuwa? Miyar nan ta lalace." Daga ranar ban ƙara zuwa kasuwar ba, ba a jima ba kuma na tashi daga bakin tasha.

Da damina mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta kwanta ciwo a ƙauyenmu kusa da Sule Tankarkar, na tafi jinya. Tun ina yarinya ɗakinta yana da ƙamshinsa, na man shanu da kajiji da hayaƙin kara. Na shiga na zauna a bakin gadonta, sai na ji kamar ɗakin wata baƙuwa na shigo. Ta ce tana son kunun kanwa, na dama mata. Ta kurɓa sau ɗaya ta miƙo mini ƙoƙon.

"Kanwar ta yi yawa, 'yar nan. Hannunki ya canza."

Shi ne abu na ƙarshe da ta sha daga hannuna. Ta rasu kafin gero ya nuna.

Da 'yan gaisuwa suka ragu, yayata ta ɗauko mayafin Inna daga kan igiya, ta kai fuska, ta fashe da kuka. "Wallahi ƙamshinta yana nan. Ungo, ji."

Na karɓa na cusa fuskata a ciki, na ja numfashi har ƙirjina ya yi ciwo. Kaushin yadin kawai na ji a kumatuna. Na ce, "Haka ne, Yaya." Na roƙe ta ta bar mini shi, na ƙulle a leda don kada ƙamshin ya fita kafin hancina ya dawo.

Bayan an fi shekara ya dawo, amma a karkace. Nama ya koma mini warin tayar da aka ƙona, albasa kuma warin kwata. Duk da haka na buɗe ledar. Warin ƙonannen roba na ji. Na miƙa wa maigidana na ce ya gaya mini gaskiya. Ya shinshina.

"Babu komai a jiki yanzu," in ji shi. "Sai ɗan warin ajiya."

Yanzu maƙwabciyata ce ke ɗanɗana mini miya kafin in sauke. Ina cin abinci ne don kada in faɗi. Wani lokaci nakan zauna in yi ƙoƙarin tuno yadda ƙamshin ɗakin Inna yake. Ina iya lissafa abubuwan da suka haɗa shi, amma shi kansa ya ƙi zuwa.