Ruwan da Babu Shi a Littafi

Ni da yayana mun karanta littafi guda tun muna kwaleji a Tawa, wani tsohon littafin Faransanci da bangonsa ya ɓalle. Labarin wani mutum ne da ya ƙera jirgi ya tafi wata duniya can bayan taurari, ya tarar rijiyoyinta sun ƙafe, mutanenta suna ta ƙaura. Ya yi iya ƙoƙarinsa ya samo musu ruwa, abin ya gagara. A ƙarshe ya kwance jirgin, ya yi musu rumfuna da ƙarafunansa, ya zauna cikinsu har mutuwarsa.

A shekarun fari da yunwa, lokacin mulkin soja, ina koyarwa a lakwal, makarantar boko inda ake ce wa malami mushe, Yaya kuma yana aikin allurar dabbobi. Yakan yi kwanaki a wajajen Barmu da Tebaram, ya dawo a rame, ba ya son magana. Ana cikin haka aka kawo fim ɗin littafin nan gidan silima. Na ja shi muka tafi bayan magariba.

Ashe sun juya labarin. Sun ƙago wani dodon ƙarfe, wai shi ya ɓoye ruwan a ƙarƙashin dutse. Mutumin ya kashe dodon, hadari ya haɗu, ruwa ya kece, sannan ya hau jirginsa ya koma gida. Da ruwan ya sauko a jikin allon, sai gidan silima ya ɗauki sowa. Wasu suka miƙe tsaye. Wani makiyayi da ke gabanmu ya miƙa hannu sama, kamar ɗigon zai same shi. Na juya don in yi wa Yaya tsaki, na gan shi yana tafi har hularsa ta faɗi.

Muna fitowa na ce, "Yaya, kai ma? Ina dodo cikin littahin?"

Ya ce, "Babu. To, sai mi?"

"Sun lalata shi! Daɗin labarin shi ne ya zamna da su, ko da babu ruwa."

"Kai kana aji da alli. Ni mushen shanu nika ƙetarawa kullum. Bar ni in ga ruwa, ko na ƙarya ne."

Daga nan gardama ta koma gindin bishiyar bedin ƙofar gidanmu, inda muke shan shayi da abokai bayan la'asar. Zamani ne da kowa ke kama bakinsa a kan maganar gwamnati, sai muka samu abin da za mu ɗaga murya a kai ba fargaba. Majalisar ta rabu biyu, ƴan littafi da ƴan silima. Har waɗanda ba su taɓa ganin littafin ba suka shigo bayana, don kawai su ja da Yaya.

Wata rana abin ya yi zafi, na miƙe ina faɗi da ƙarfi, "Yaudarar jama'a anka yi! An nuna musu ruwa, alhali babu shi!"

Daidai lokacin wani jandarma ya zo wucewa a kan babur. Ya taka birki, ya sauko.

Ya ce, "Wa ya yaudari jama'a?"

Yaya ya tashi ya ba shi kujerarsa, ya zuba masa shayi, ya ce, "Ranka ya daɗe, zancen silima ne. Ƙanena ne, mushen lakwal, karatu ya yi mishi yawa."

Jandarman ya dube ni, ya kurɓi shayi. "Mai dodon ƙarfe?"

Muka ce shi.

"Sau biyu na shiga silima na gane shi. To, mi ya same shi?"

Dole na zauna na ba shi ƙarshen littafin. Ya saurara har na kai aya, ya girgiza kai ya ce, "Mutum ya baro iyalinshi, ya kwance jirgi, ruwan ma bai samu ba? Mushe, mai littahin nan bai da tausai." Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki. Tun daga ranar jandarman ya zama ɗan majalisarmu, ƴan silima suka ƙaru da mutum mai kaki.

Ban taɓa sakin ra'ayina ba, Yaya ma bai saki nasa ba. Da ya tsufa idonsa ya yi rauni, ya sa na nemo littafin ina karanta masa da hantsi. Ya bi ni tiryan-tiryan, yana gyara mini lafazi. Da muka kai inda mutumin ya ɗauki guduma zai kwance jirgi, sai ya dafa gwiwata.

"Tsaya nan, ƙanena. Rufe shi. Sauran ni zan faɗa maka."