Yadda Baba ya zama ƙafar Mama

Kun taɓa ganin wanda zai sayo sabon takalmi fil a leda, ya zo gida ya sa masa almakashi tun kafin ya zura ƙafa a ciki? To Mamanmu kenan, kuma ba taɓin hankali ba ne, ku dai tsaya ku ji.

Mamanmu tela ce, shekara talatin da wani abu tana ɗinki, tun kafin a haifi Yayanmu babba, ni kuwa auta ce zuwa na yi na tarar da keken a gidan kamar wata yayata. Shagon nata ɗakin gaba ne na gidanmu, taga ɗaya tana kallon titi, ga teburin yanka, ga igiyar da ake rataye kayan da aka gama, ga wani gwangwanin maɓallai da ba wanda ya isa ya taɓa sai ita. Keken irin na ƙafa ne, baƙi mai nauyin tsiya, ƙafar dama a gaba hagu a baya, ta taɓa wilin da hannu sau ɗaya sai ƙafa ta karɓa. Mu a gidan da ƙarar keken nan muke gane halin da take ciki, in yana tafiya sumul to je ka nemi abin da kake so, in yana fizga yana tsayawa to ka kama kanka.

Matsalar ita ce ƙafar damar. Ƙashin gindin babban yatsanta ya turo waje ya yi ƙullutu kamar ƙaramin ƙwai, shi kuma yatsan ya karkace ya je ya kwanta a jikin na kusa da shi. Wai kakarmu ma haka nata yake, gado ne. Shi ya sa duk takalminta na dama sai ta yanke masa taga a gefe don ƙashin ya samu wurin shan iska, kuma da yake tela ce sai ta bi bakin wurin ta yi masa kalmasa mai kyau, har wata ta taɓa tambayarta a ina ake sayar da irinsa.

Ciwo kuwa kar ku tambaya. Da yamma wurin zai yi ja ya kumbura, ta tsoma shi a ruwan ɗumi tana cije leɓe, amma ka ce mata asibiti yanzu ka ga ɓacin rai.

Babanmu tsohon direban babbar mota ne, ya ajiye tuƙi saboda ciwon baya, yanzu aikinsa rediyo da benci a ƙofar gida. Shi Tela yake ce mata, ita kuma Direba, ban taɓa jin sun kira juna da wani abu ba.

"Tela, tayar nan taki ta yi ƙari fa, a kai ta gareji."

"Direba, ka ji da rediyonka."

"In ta fashe a hanya ba ruwana."

"Su taɓa min ita su sandarar da yatsan, da me zan taka keke? Da kunnenka?"

Tsoronta kenan gaba ɗaya. Ba wuƙa ba, ba allura ba, tsoron kada a yi aikin ta tashi ƙafar ta ƙi keke. Yayanmu ya ce to a sa wa keken injin lantarki mana ta huta, ta ce inji ba ya jin magana, ita ƙafarta ta san inda yadi yake son a bi shi a hankali tun kafin idonta ya gani.

Haka aka yi ta yi har ranar da Malama maƙwabciyarmu, wadda ke koyarwa a firamare, ta dawo da wani siket. Ta shigo da fara'arta ba da faɗa ba, ta ce "Mama ko kin ɗauki 'yar koyo ne ba mu sani ba?" Mama ta karɓa ta shimfiɗa a tebur, sai ga ɗinkin gefen ya yi tafiyar maciji, nan ya shiga nan ya fita. Duk inda ya karkace wurin da ciwon ya soke ta ne ƙafar ta zabura. Ta ɗauki reza ta warware shi tas, ta sake, ta ba Malama haƙuri. Da Malama ta fita sai ta leƙa ta taga.

"Direba, gobe ka kai ni garejin naka."

Baba ko dariya bai yi ba, ya ce to.

Ni ma na bi su. Aka yi hoton ƙashi, likita ya ɗaga shi a haske ya faɗi sunan ciwon da turanci ni dai ban riƙe ba, ya ce za a yanka ƙashin a miƙar da shi a ɗaure da 'yan ƙananan kusoshi biyu. Yana ta bayani Mama ta katse shi.

"Likita ni tambaya ɗaya ce da ni. Zan taka keke?"

Ya ɗauka keken hawa take nufi har ya fara cewa a shekarunki, Baba ya ce a'a na ɗinki. Sai likitan ya ce ta nuna masa yadda take yi. Wallahi Mama ta cire takalmi a ofishin mutane ta gyara zama ta fara taka iska, dama a gaba hagu a baya, shi kuma babban mutum da farar riga ya tsuguna yana kallon yadda yatsan yake lanƙwasa.

Ya ce "Mama ba zan yi miki rantsuwa ba, yatsan zai iya yin ɗan tauri bayan aiki. Amma yawanci ana komawa sana'a in an bi doka. In kuma kika bar shi, kin ga yatsa na biyun ya fara hawa sama, nan da 'yan shekaru ba lallai ki iya taka keken ba ko da ba a taɓa ki ba."

Ta kalli ƙafar. Can ta ce a ba ta mako ɗaya. Mu mun ɗauka guduwa za ta yi, ashe kayan mutane take son gamawa. Ta gama su kaf, ta sa wa keken mai, ta rufe shi da zani, ta ce "to su yanka, ni ma ai na daɗe ina yanka na mutane."

Aikin da safe aka yi, ƙafar kawai aka kashe da allura, washegari muka dawo gida da ita da sanduna biyu da wani ƙaton takalmin asibiti kamar jirgin ruwa. Doka kuwa ga ta: mako shida ba ɗora nauyi a gaban ƙafar, kullum a ɗage ta a kan filo, kada ruwa ya taɓa bandeji. Ranar da aka fara buɗe wurin don a wanke, kowa ya kau da kai ita ta sa tabarau ta leƙa.

"Likita wa ya koya maka ɗinki?"

"Bai yi ba ne Mama?"

"Tazarar ba daidai ba ce, amma zai riƙe."

Nas ɗin da ke wanke wurin har da riƙe ciki.

Kwana goma sha biyu Mama ta yi tana bin doka, sai dai zaman ya ishe ta, mutumin da bai taɓa wuni hannu sake ba. Ga mutane suna ta leƙowa da yadi a leda suna cewa sannu da jiki, yaushe za a fara. A rana ta sha uku Baba ya tafi aski, ni ina wanki a baya, kawai sai na ji ƙarar keke. Na sheƙo da kumfa a hannu na same ta zaune ta cire takalmin asibitin tana takawa. Na ce Mama likita fa ya hana, ta ce "tafiya ya hana, kin ga ina tafiya? A zaune nake."

Minti ashirin ba ta yi ba. Kafin Baba ya dawo ƙafar ta yi suntum, jini ya ɓullo ta bandeji, muka kwashe ta sai asibiti. Aka sake hoto, Allah ya taimaka kusoshin suna nan inda aka sa su, zare biyu ne suka buɗe. Likitan nan mai wasa ranar bai yi wasa ba, ya ce taka keke ya fi tafiya wahalar da wurin, don daidai inda aka yanka nan ne yake danna fedar, ta sake yi to ƙashin zai haɗe a karkace kuma shi kenan ita da keke. Ya ƙara mata mako biyu.

Daga nan Mama ta yi sanyi. Ta gwada da ƙafar hagu kaɗai, wilin ya dinga juyawa baya zare yana cukurkuɗewa. Ta gwada ni, minti biyu ta kore ni wai ƙafata ba ta da kunne. Sai ta koma zama a bakin taga ƙafa a kan filo tana kallon titi, abinci ma sai an yi da gaske. Ko Baba ya tsokane ta ba ta ramawa, nan ne muka san abin ya kai.

Wata safiya sai ga Baba ya shigo shagon ya janye keken daga jikin bango ya kawo shi tsakiyar ɗaki, ya ajiye mata kujera a gaba da ɗan tebur a gefe na ɗora ƙafa, shi kuma ya ɗauko kujera ya zauna ta bayan keken suna fuskantar juna, ya cire takalmi ya ɗora ƙafafunsa a kan fedar ta can ɓangaren.

"Direba me kake yi haka?"

"Ke riƙe sitiyari, ni totur."

"Ka taɓa taka keke a rayuwarka?"

"Na taka abin da ya fi shi taya."

Ta harare shi amma ta jawo ƙyalle. Ta taɓa wili ta ce tashi, Baba ya danna, wilin ya koma baya zare ya tsinke.

"Wa ya ce ka sa ribas?"

"Motar ce ba ta da giya."

Suka sake, suka sake, kwarkwaro biyu suka ɓata ranar. Amma shi fa direba ne, ƙafarsa ta san lallashi, kwana uku sai ga shi ya kama. Ka ji Mama tana "a hankali akwai kwana," "ƙara wuta hanya ta miƙe," "birki, birki na ce," shi kuma yana amsawa da "an gama ranki ya daɗe." Masu wucewa suna tsayawa a taga suna kallo. Wani abokinsa na benci ya leƙo ya ce "af, an mayar da kai yaron mota kenan," Baba ya ce "yaron mota ina, ai ni ne injin."

Akwai ranar da suka yi ɗinkin labule mai tsawo, da suka gama Baba ya kasa miƙewa, ya zauna yana matsa sha-raɓarsa. Ya daɗe yana kallon ta.

"Tela, shekara talatin haka kike yi? Da wannan ƙafar?"

"Da wacce zan yi?"

Daga ranar shi ke kawo mata ruwan ɗumi da kansa, da ma ni ce.

Haka suka yi ta yi, safe awa biyu yamma awa ɗaya, sauran lokacin tana motsa yatsan yadda aka koya mata, a zuba mata ƙyallaye a ƙasa tana tsinta da yatsun ƙafa ɗaya bayan ɗaya tana mita wai an mayar da ita yarinya. Aka cire zare, aka ajiye sanduna, kumburin ya dinga sauka a hankali, yatsan kuwa ya miƙe sak har mamaki yake ba mu.

Mako na goma sha biyu likita ya duba hoto ya ce ƙashi ya haɗe, ta gwada keke amma kaɗan kaɗan. Muka dawo gida ko mayafi ba ta cire ba ta wuce shago. Ta zauna ta ɗora ƙafa, dama a gaba hagu a baya, ta taɓa wili. Keken ya yi taku uku ya tsaya. Ta sake, ya sake tsayawa. Yatsan ba ya lanƙwasa kamar da, taurin da likita ya faɗa ne. Baba yana tsaye a bakin ƙofa ya ƙi shigowa.

Ta zauna tana kallon ƙafar kamar tana mata magana. Sai ta ɗan turo ta gaba kamar faɗin yatsa biyu, yadda tsakiyar tafin ne zai danna ba yatsan ba. Ta taɓa wili. Ya tashi. Layin farko ya ɗan karkace, na biyu ya fi shi miƙewa, na uku ta ɗaga ƙyallen a hasken taga ta daɗe tana dubawa, ta juya bayansa ta duba, ta ja shi da hannu biyu.

"Direba."

"Na'am."

"Na sallame ka."

"Haka kawai, ba ko takardar yabo?"

"Ka ɓata min kwarkwaro nawa?"

Ta ce ba ta ji zafi ba, tauri dai kawai, kuma tun ina yarinya ban taɓa ganin ta taka keke fuskarta a sake haka ba. Yanzu wata na biyar kenan, da safe ita ke takawa da kanta har azahar. In yamma ta yi ƙafar takan ɗan kumbura, likita ya ce haka ne sai a hankali, to lokacin sai ta ɗora ta a filo ta leƙa taga ta ce a kira mata injin, shi kuma da ma kunnensa na nan, kafin a kira ya shigo yana cire takalmi.

Don Allah duk wanda ya karanta ya tura wa na kusa da shi, musamman masu iyaye irin nawa da ke cije ciwo suna tsoron a raba su da sana'arsu, ku tura musu ko ku karanta musu, su je a duba su, kuma in likita ya ce a zauna to a zauna ɗin.