Ranar da Na So Zuba Kananzir a Babur

Har na buɗe tankin babur ɗin maigidana, galan ɗin kananzir a hannuna, sai Ndagi bakanike, maƙwabcinmu a Bosso, ya daka min tsawa.

Lokacin wahalar mai ne, 'yata Hauwa tana suma da zazzaɓi, ga asibiti da nisa.

"Maman Hauwa, ajiye! Babur ba risho ba ne, a hanya zai mace muku."

"To in zuba ido ta mutu?"

Ndagi ya jawo babur ɗinsa. Ya zura tiyo a nasa tankin, ya zuƙo fetur da baki yana tari, ya juye mana duka. Sati guda a ƙasa yake zuwa gareji.

Jiya Hauwa ta aurar da 'yarta. Ku taya ni yi wa Ndagi addu'a. Ku wa ya taɓa yi muku haka?