Ruwan Baba Iro a Dutsen Sauru

Mun kai rabin Dutsen Sauru na Makka yau da safe, sai ruwan Hajiyar da nake yi wa jagora ya ƙare. Na ce ta kwantar da hankalinta, na zura hannu cikin wani rami a gefen hanya. Na ji wayam.

Shekara da shekaru Baba Iro, dattijo ɗan Maraɗi, yake hawowa yana tsince robobin da aka yar, ya ajiye wa masu ƙishi ruwa a ramin nan.

Ta ce, "Ɗana, ina ruwan?"

Na ce, "Hajiya, mai ajiyewar ranar Juma'a muka sallace shi a Harami. Wallahi mantawa na yi."

Gobe ni zan hau da ruwan. Duk wanda ya taɓa sha, ya bar masa addu'a a nan.